Kafin kotu ta gaskata makin basira, ta tambayi wane bugu ne

A shekarar 1998 aka yi wa wani matashi mai suna Daryl Atkins gwajin kaifin basira a jihar Birjiniya ta Amurka, ya samu maki 59. Ana tuhumarsa ne da sace wani sojan sama da kuma kashe shi a 1996. Wannan maki ne ya kai shari'arsa har Kotun Ƙoli, wadda a watan Yunin 2002 ta yanke hukunci, alƙalai 6 suka rinjayi 3, cewa kundin tsarin mulkin ƙasar ya haramta zartar da hukuncin kisa a kan mai naƙasar ƙwaƙwalwa. Da aka mayar da shari'ar Birjiniya don a tantance ko shi kansa Atkins yana cikin waɗanda hukuncin ya kare, sai aka sake gwada shi, masanin da ɓangaren gwamnati ya kawo ya ba shi 76. A 2005 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba shi da wata naƙasa, aka sake sa ranar kashe shi. Ya tsira ne a 2008 ta wata hanya da ba ta shafi gwaji ba, bayan an gano masu gabatar da ƙara sun yi wa shaidar abokin laifinsa gyaran fuska kuma sun ɓoye wa lauyoyinsa, sai alƙali ya mayar da hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai. Mutumin da sunansa ya zama sunan dokar, saura ƙiris dokar ta kasa cetonsa, saboda tazarar maki 17 tsakanin gwaji biyu.

Tun daga hukuncin 2002, lamba 70 ko kusa da ita ta zama iyaka tsakanin ɗakin kisa da ɗaurin rai da rai a jihohin Amurka masu hukuncin kisa. Kotun Ƙoli ba ta fayyace yadda za a gane mai naƙasar ba, ta bar wa jihohi, su kuma suka ɗauki sharuɗɗa uku da likitoci da masana halayyar ɗan Adam suke aiki da su: basirar mutum ta yi ƙasa sosai da ta yawancin jama'a, ya kasa tafiyar da harkokin yau da kullum kamar tsararrakinsa, kuma matsalar ta faro tun yana yaro. Naƙasar da ake magana a kai ta sha bamban da hauka. Mai ita yana gane mutane, yana aikin ƙarfi, wani har aure yake yi, sai dai fahimtarsa da hangen abin da zai biyo bayan aiki ba su kai na balagagge ba, kuma ana saurin jan ra'ayinsa. Sharaɗin farko shi ake aunawa da gwajin da ake kira IQ, kuma da yake lamba ce ke fitowa, ta fi sauran sharuɗɗan biyu ɗaukar hankalin alƙalai. Ra'ayina shi ne makin da aka samu da bugu daban-daban na gwajin, a shekaru daban-daban, ba abu ɗaya suke nufi ba. Kotun da ta jera su a takarda ta kwatanta da 70, ba tare da ta tambayi wane bugu ne da shekarar da aka tsara ma'auninsa ba, ta yi kuskuren da alƙaluman masu buga gwajin da kansu suka isa su nuna mata.

Sai an san yadda lambar take fitowa kafin a ga inda matsalar take. Gwajin manya da ya fi yawo a kotunan Amurka shi ne wanda David Wechsler, masanin halayyar ɗan Adam a asibitin Bellevue da ke New York, ya fara fitarwa a 1939. Daga baya aka sa masa suna WAIS a 1955, aka sabunta shi a 1981, aka yi bugu na uku a 1997, na huɗu a 2008, na biyar a 2024. Mai gwaji yana zama da mutum ɗaya, ya tambaye shi ma'anar kalmomi, da abin da ya haɗa abubuwa biyu, ya ba shi 'yan tubala masu launin ja da fari ya harhaɗa su yi daidai da wani zane, ya karanta masa jerin lambobi ya maimaita gaba da baya, ya sa shi lissafin ka, ya ba shi alamomi ya cike kafin lokaci ya ƙare. Yawan amsoshin da ya ci daidai ba su ne makinsa ba. Ana ɗaukar su ne a duba a wani jadawali da aka gina daga sakamakon wani rukunin mutane da aka zaɓo su wakilci al'ummar ƙasar a lokacin da ake shirya bugun. A bugu na huɗu mutum 2,200 ne, masu shekara 16 zuwa 90. Matsakaicin wannan rukuni shi ake kira 100, ana kuma tsara lissafin yadda kusan mutum 2 cikin 100 ne kawai za su faɗa 70 ko ƙasa da haka.

Ke nan makin matsayi ne a cikin jama'a. Yaro ya kawo wa mahaifinsa sakamakon jarrabawa an rubuta ya zo na biyar, uba mai lura zai tambaya a wane aji, kuma cikin mutum nawa, domin na biyar a ajin haziƙai da na biyar a ajin da aka tara masu maimaitawa ba ɗaya suke ba, ko da yaron bai canza ba. Haka maki 73 yake. Yana cewa ne wannan mutum ga inda ya tsaya idan aka jera shi da Amurkawan shekara kaza. Muddin Amurkawan shekara kaza ba su yi daidai da na yau ba wajen amsa irin waɗannan tambayoyi, to lambar ta daina faɗin abin da kotu take son sani, wato matsayin mutumin a cikin mutanen zamaninsa.

Kuma ba su yi daidai ba. James Flynn, malami a Jami'ar Otago ta Niyu Zilan, ya nuna a 1984 cewa tsakanin 1932 da 1978 Amurkawa sun ƙaru da kusan maki 14 a waɗannan gwaje-gwaje, wato wajen maki 3 a kowace shekara 10. A 1987 ya nuna irin wannan hauhawa a ƙasashe 14. Masana sun yi ta muhawara a kan dalili, wasu suka ce yawan karatun boko, wasu ingancin abinci da lafiyar yara, wasu raguwar yawan 'ya'ya a gida, wasu kuma sauyin ayyuka zuwa waɗanda ke buƙatar tunani da alamomi. Kotu ba ta buƙatar a warware wannan muhawara. Abin da ya shafe ta shi ne hauhawar ta tabbata: wani nazari na 2014 da ya tattara ɗaruruwan bincike ya samu kusan maki 2.9 a shekara 10 a gwaje-gwajen Wechsler da Stanford-Binet na zamani, wani kuma na 2015 da ya haɗa bayanan mutum kusan miliyan 4 daga ƙasashe 31 ya samu 2.8. Sakamakon wannan a fili yake. Duk shekarar da bugu ya ƙara a kasuwa, rukunin da ake kwatanta mutum da shi yana ƙara zama na baya, makin da yake bayarwa kuma yana ƙara kumbura. Ran da sabon bugu ya fito sai maki ya faɗo gaba ɗaya.

Masu buga gwajin sun auna wannan da hannunsu, domin duk lokacin da za su fitar da sabon bugu sukan ba mutane ɗaya tsohon da sabon su kwatanta. Tsakanin bugun 1955 da na 1981 tazarar ta kai kusan maki 7 da rabi, tsohon ne a sama. Tsakanin na 1981 da na 1997 kusan maki 3, haka ma tsakanin na 1997 da na 2008. Ga mutumin da ke tsakiyar jama'a, 103 da 100 ba su canza masa komai. Ga wanda ke bakin iyaka, maki 3 sun isa su raba shi da rayuwarsa. Kuma an ga tasirin a daidai wannan yanki na ƙasa, ba a tsakiya kaɗai ba: wani bincike da Tomoe Kanaya da abokan aikinta suka wallafa a 2003, a kan yaran makarantun Amurka masu rauni a karatu, ya samu cewa da aka sauya daga tsohon bugun gwajin Wechsler na yara zuwa na 1991, makinsu ya faɗi da matsakaicin 5.6, kuma yawan waɗanda aka sa a sahun masu naƙasa ya ƙaru. Yaran ba su canza ba, shekarar da aka gwada su ce ta yanke ko za a ba su kulawa ta musamman. Waɗannan takardun makaranta su ne ake zaƙulowa bayan shekara 20 ko 30 a ajiye a gaban alƙali.

Shari'ar Eric Cathey a Teksas ta nuna lissafin ƙarara. An gwada shi a 1996 da bugun 1981, wanda aka tattara rukunin ma'auninsa a wajejen 1978, ya samu 77. Shekara 18 ke nan tsakanin ma'auni da gwaji. Idan aka ninka 18 da 0.3 za a samu 5.4, makin ya dawo 71.6, wanda ke cikin yankin da masana ke ɗauka akwai yiwuwar naƙasa. Babbar kotun ɗaukaka ƙara ta laifuka a Teksas ta ce a 2014 alƙali yana iya la'akari da tsufan ma'auni, amma ba a yarda a taɓa lambar ba. A ganina wannan tufka da warwara ce. An yarda ma'aunin ya karkace, an san wajen da ya karkata, an san kusan yawan karkatar, sannan an hana a rubuta ta a takarda. Wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Walker ta 2005 daga Birjiniya, ta umarci ƙaramar kotu ta saurari hujjar, wata kuma a 2010 ta amince da alƙalin da ya yi aiki da ita a shari'ar Thomas daga Alabama. Saboda haka mutum biyu masu maki ɗaya a bugu ɗaya suna iya samun hukunci daban, gwargwadon jihar da aka kama su.

Tsufan ma'auni ba shi kaɗai ne bambancin bugu da bugu ba. Abin da ake aunawa ma yana sauyawa. Bugu na uku yana haɗa sassa 11 ya fitar da jimillar maki, yana kuma raba basira gida biyu, ta magana da ta aiki. Na huɗu ya watsar da wannan rabo, ya koma sassa 10 a ƙarƙashin fannoni huɗu, ya cire aikin jera hotuna su ba da labari, ya shigo da sabbin ayyuka, ya kuma ƙara wa saurin aiki da riƙe abu a ka nauyi a cikin jimilla. Na biyar yana fitar da jimillar daga sassa 7. Mutumin da ke da ɗan dama-dama a hira amma hannunsa da tunaninsa suke da nawa zai fito da lamba daban a kowanne, ko da an gwada shi a mako ɗaya. Idan kuma aka tsallaka zuwa wani gwajin daban, tazarar tana iya ba da tsoro. Wayne Silverman da abokan aikinsa sun duba a 2010 bayanan manya 74 masu naƙasar ƙwaƙwalwa waɗanda aka taɓa yi wa gwajin Wechsler da kuma na Stanford-Binet. A kowane ɗaya daga cikinsu makin Wechsler ne ya fi, da matsakaicin tazarar 16.7. Dukkan gwaje-gwajen biyu karɓaɓɓu ne a kotu, kuma zaɓin wanda za a yi amfani da shi yakan kasance a hannun masanin da wani ɓangare ya ɗauko ya biya.

Kotun Ƙoli ta riga ta amince da rabin wannan magana. Freddie Lee Hall, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Filorida kan laifin da aka yi a 1978, an gwada shi sau 9 cikin shekara 40, makinsa ya kama daga 60 zuwa 80. Kotun jihar ta jefar da biyun da ke ƙasa da 70 saboda ƙa'idojin karɓar shaida, mafi ƙanƙantar abin da ya rage shi ne 71, dokar Filorida kuma ta ce wanda ya haura 70 ko da maki ɗaya ba a ma sauraron sauran hujjojinsa. A 2014, da rinjayen 5 da 4, Kotun Ƙoli ta rushe wannan tsari, ta ce kowane gwaji yana da kuskuren awo da aka sani, wajen maki 5 sama ko ƙasa, don haka dole a karanta maki a matsayin tazara. A 2017 ta maimaita haka a shari'ar Bobby Moore na Teksas, wanda ya samu 74 a 1989, ta ce tazararsa ta kama daga 69 zuwa 79, ta kuma yi fatali da wasu ma'aunai da alƙalan Teksas suka ƙirƙiro da kansu, waɗanda a hukuncin da ya kafa su har an kawo misali da wani hali na cikin ƙagaggen labarin John Steinbeck. To amma kuskuren awo da tsufan ma'auni ba ciwo ɗaya ba ne. Na farko yana iya faɗawa sama ko ƙasa, ba a san wanne ba. Na biyu gefe ɗaya yake ja, sama kawai, wato wajen da ke cutar da wanda ake tuhuma. Kotun da ta yarda da kuskuren da ba a san alƙiblarsa ba, ba ta da dalilin kawar da kai daga wanda aka san alƙiblarsa.

Masu adawa da gyaran suna da hujjoji, kuma wasunsu ba na wasa ba ne. Mafi ƙarfi ita ce cewa 0.3 a shekara matsakaici ne na jama'a, ba a san ko ya dace da wannan mutum da ke tsaye a gaban alƙali ba. Amsar ita ce gyaran bai shafi mutumin ba tun farko, ma'aunin ake gyarawa. Ba ana cewa basirar Cathey ta ragu da 5.4 ba ne, ana cewa jadawalin da aka duba amsoshinsa a ciki na mutanen 1978 ne alhali shi a 1996 yake. Kuma wanda ke ƙyamar lissafin jama'a sai ya ƙyamaci makin gaba ɗayansa, domin daga 100 ɗin har 70 ɗin, duka daga lissafin jama'a suka fito. Sashe na biyu na wannan hujja ya fi nauyi: adadin bai tsaya cak ba. Maki 3 tsakanin bugun 1981 da na 1997 sun taru ne cikin shekara 17 da ke tsakanin rukunan ma'auninsu, wanda ya gaza 0.3 a shekara sosai, yayin da maki 3 na gaba suka taru cikin kusan shekara 11. Flynn ya zargi rukunin ma'aunin bugu na uku da rashin inganci, masu bugawa suka musanta. Wannan gaskiya ne, kuma ya kamata masani mai amana ya faɗa wa alƙali. Sai dai wanda ya ƙi gyara shi ma ya zaɓi adadi, wato sifili, kuma babu wani kwatancen bugu da bugu na Wechsler a waɗannan shekaru da ya ba da sifili. Flynn ya yi wannan magana a 2009, kuma ban ga an kawo abin da ya rushe ta ba: ƙiyasin da ya kusa daidai ya fi lambar da aka tabbatar ba daidai ba ce.

Hujja ta biyu ita ce ba a saba rage maki a asibitoci da makarantu ba, littafin jagoran gwajin ma bai ce a yi ba. Wasu masana sun rubuta haka a 2008, kuma alƙalai da dama sun jingina da su. Amma malamin da ke son sanin ko yaro na buƙatar ƙarin darasi, in ya yi kuskure bana zai gyara baɗi. Sabo da aka yi a inda kuskure ke gyaruwa ba ya zama hujja a inda ba ya gyaruwa. Bayan haka, sabon ma ya motsa. Ƙungiyar Amurka da ta fi daɗewa tana aiki a kan naƙasar ƙwaƙwalwa ta ba da shawara a littafinta na 2010 cewa a yi gyara idan an yi amfani da tsohon ma'auni, kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka na 2013 kuma ya lissafa tsufan ma'auni da sabawa da gwaji a cikin abubuwan da ke kumbura maki. Su ne littattafan da Kotun Ƙoli ta dogara da su a shari'o'in Hall da Moore.

Ana kuma cewa hauhawar ta tsaya, har ma ta juya. A Norwe haka ne: wani bincike na 2018 a kan samarin da ake gwadawa kafin aikin soja ya nuna maki ya kai ƙololuwa a kan waɗanda aka haifa a 1975, daga nan ya fara sauka. A Amurka ma wani nazari na 2023, a kan manyan da suka yi gwaji ta intanet tsakanin 2006 da 2018, ya ga raguwa a wasu fannoni, ko da yake ba gwajin Wechsler ba ne kuma mutanen su suka kawo kansu. Mai goyon bayan gyara dole ya karɓi wannan da zuciya ɗaya: in bayanai suka nuna wani bugu bai kumbura ba, to kada a rage masa komai. Amma abin da ya faru da samarin Norwe a wannan ƙarni bai goge tazarar da aka auna a Amurka tsakanin 1955 da 2008 ba, kuma mafi yawan tsofaffin makin da ake jayayya a kansu a kotuna daga waɗannan shekaru suke.

Sai tsoron yaudara, wanda Mai Shari'a Antonin Scalia na Kotun Ƙoli ya bayyana tun a 2002, cewa fursunoni za su riƙa kwaikwayon naƙasa su cika kotuna. John Blume da abokan aikinsa sun ƙirga daga 2002 zuwa 2013 suka samu mutum 371 ne suka yi wannan da'awa, ƙasa da kashi 8 cikin 100 na waɗanda suke da damar yi, kuma fiye da rabinsu sun yi nasara. Ambaliyar ba ta zo ba. Kuma idan aka lura, tsoron yaudara hujja ce ta bai wa tsofaffin maki muhimmanci, domin yaro ɗan shekara 12 da aka gwada a makaranta ba shi da wata shari'a da yake gudu. Wannan ne ma ya sa shawarar da ake yawan bayarwa, cewa a sake gwada mutum da sabon bugu a huta, ba ta wadatar ba. Doka na neman shaidar cewa naƙasar ta faro tun yarinta, gwajin da aka yi wa ɗan shekara 50 a kurkuku ba zai ba da ita ba. In makin ya fito ƙasa, gwamnati za ta ce da gangan ya faɗi. In ya fito sama, akwai sabo: wanda aka maimaita masa gwaji cikin 'yan makonni yakan ƙaru da wajen maki 4, musamman a aikin tubala da alamomi, shi ya sa ake ba da shawarar a bar shekara guda tsakani. Masanin da ya fara gwada Atkins ya danganta hauhawar makinsa da maimaita gwaji da kuma shekarun da ya yi yana cuɗanya da lauyoyi. Ba makawa sai an koma ga tsofaffin takardu, kuma in an koma, sai an san yadda za a karanta su.

Akwai wata fargaba da nake ganin ta fi duka cancantar a tsaya a kanta: in an buɗe ƙofar taɓa maki, ɗayan ɓangaren ma zai shigo. Ya ma riga ya shigo. An samu masanan gwamnati a wasu shari'o'i suna ƙara wa baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka maki, da hujjar cewa talauci da rashin kyakkyawar makaranta ne suka danne sakamakonsu, ta yadda wariyar da aka yi wa mutum yana yaro ta zama dalilin kashe shi yana babba. A Teksas, George Denkowski, masanin da gwamnati ta sha ɗaukowa, ya yi ta ɗaga sakamakon fursunoni da irin wannan dalili har hukumar da ke kula da sana'ar ta tsawata masa a 2011, ya kuma amince ya daina irin wannan aiki a shari'o'in laifi. Bambancin gyare-gyaren biyu shi ne gyaran tsufan ma'auni ƙa'ida ɗaya ce ga kowa, fari da baƙi, an san ta kafin a san wanda za a gwada, akawun kotu ma zai iya lissafa ta daga shekara biyu da ke rubuce. Ƙarin maki saboda launi ko asali kuwa hasashen mutum ɗaya ne a kan abin da wani zai iya zama da a ce rayuwarsa ta bi wata hanya, babu jadawalin da za a duba a tabbatar. Ƙin na biyun bai wajabta ƙin na farkon ba.

A watan Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta karɓi shari'ar Joseph Smith na Alabama, mai maki biyar: 75, 74, 72, 78 da 74. Jihar ta ce mutumin da aka gwada sau biyar bai taɓa sauka 70 ba, ai yawan gwajin ya rage shakka. A lissafi akwai gaskiya a nan, awo biyar sun fi ɗaya. Amma hakan yana aiki ne idan awon biyar a kan ma'auni ɗaya suke. In wasu na yara ne wasu na manya, wasu da sabon bugu wasu da wanda ya tsufa, to haɗa su kafin a daidaita su tara kuskure ne, kuma kuskuren da ke ja gefe ɗaya ba ya ɓacewa don an maimaita shi.

A nan Najeriya kuwa, dokokinmu ba su rataya rai a kan lamba ba. Sashe na 51 na dokar Final Kod ta Arewa da sashe na 28 na dokar laifuka ta Kudu suna tambaya ne ko mutum ya san abin da yake aikatawa a lokacin da ya aikata, malaman fiƙihu kuma tun da daɗewa sun bambanta mahaukaci da ma'atuhi, mai ƙarancin fahimta wanda hankalinsa bai gushe gaba ɗaya ba. Amma duk ranar da rahoton asibiti ya shigo kotu a nan ɗauke da makin gwajin da aka tsara a kan Amurkawa, matsalar ta ninka ta Teksas. A Afirka ta Kudu, wani bincike na 2004 da bugu na uku ya samu cewa baƙaƙen fata lafiyayyu da suka yi makarantu marasa inganci suna faɗuwa da wajen maki 20 ko fiye a ƙasa da ma'aunin Amurka, yayin da waɗanda suka yi makarantu masu kyau suke kusa da shi. Lambar da aka samu daga manomin da bai yi boko ba, ta bakin tafinta, ba ta isa ta wanke shi ba kuma ba ta isa ta kama shi ba.

A Amurka kuwa zagayen ya sake farawa. Bugu na huɗu ya yi shekara 16 yana aiki kafin na biyar ya fito a 2024, don haka duk wanda aka gwada da shi a ƙarshen wannan zango an kwatanta shi ne da mutanen wajejen 2007. Waɗannan maki suna cikin fayilolin makarantu da asibitoci da gidajen yari, kuma wasunsu za su iso kotu nan da shekaru. Abin da ya kamata a wajabta wa kowane masani da zai ba da shaida ba shi da wahala: ya rubuta sunan bugun da shekarar da aka tattara rukunin ma'auninsa, da ranar gwajin, da gwaje-gwajen da aka yi wa mutumin kafin nan da tsawon lokacin da ke tsakaninsu, sannan ya ajiye makin yadda ya fito a gefe guda da makin da aka daidaita a ɗaya gefen, kowanne da tazarar kuskurensa. Inda ƙasan tazarar ya taɓa 70, alƙali ya wuce zuwa shaidar malaman firamare da 'yan uwa da waɗanda mutumin ya yi wa aiki, kamar yadda hukuncin Hall ya riga ya tanada.